Kwas ɗin Jamusanci a jami'ar Jamus: in tafi bana, ko in tsaya in ƙara karatu a gida?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa zaman Jamus, don maganar ta fi ƙarfin in yanke ta ni kaɗai.

Na karanta injiniyan kanikanci a BUK, na yi bautar ƙasa, yau shekara biyu ke nan ina zaune a shagon Yayana a Kwari, ina auna shadda ina rubuta rasit. Ba raina sana'ar nake ba, ita ta biya min kuɗin makaranta tun daga firamare. Amma zuciyata tana wajen injina, kuma burina in yi digiri na biyu a Jamus.

Wata takwas da suka wuce na fara koyon Jamusanci a waya, da darussan DW, wato Muryar Jamus, na kyauta, bayan sallar isha'i, ranar da aka dace da wuta. Yanzu zan iya faɗin sunana da garinmu, in ƙirga zuwa ɗari, in nemi kofin shayi. Iyakata ke nan. Sai na ci karo da wata jami'a a gabashin ƙasar mai kwas na share fage: zango biyu, Litinin zuwa Juma'a, daga safe zuwa azahar, ba a yin Turanci a aji ko na kalma ɗaya, a ƙarshe a rubuta DSH, wato jarrabawar Jamusanci ta shiga jami'a. Sun amsa min wasiƙa, sun ce in na kawo takardar A2, wato mataki na biyu a matakan iya harshe (A1, A2, B1, B2, C1, C2), za su ɗauke ni a watan Oktoba.

Da na kai wa Yaya maganar bai yi wata-wata ba, ya ce zai sayar da filinsa na bayan Rijiyar Zaki. Na ce ina tsoron Jamusancina bai kai ba. Ya yi dariya, ya nuna min wani Inyamuri maƙwabcinmu a layi, ya ce wannan da ya zo Kano ko "sannu" bai sani ba, ga shi yau har habaici yake yi da Hausa, wane aji ya shiga? Wai harshe a bakin masu shi ake ɗaukarsa, in tafi kawai. Hajiya kuma nata sharaɗin daban, wai a ɗaura min aure kafin in tafi, amma wannan rigimar gida ce, ku bar ni da ita.

Filin nan shi ne abin da Yaya ya ajiye wa 'ya'yansa. In na je na faɗi jarrabawar, da wane ido zan dube shi? To in yi sauri in haɗa A2 in tafi bana, ko in haƙura shekara guda in kai B1 tukuna? Kuma akwai wani mai ofis a wajen Zoo Road da ya ce in na biya shi zai "shirya" min asusun da ake nunawa wajen biza, ba sai mun tara kuɗin duka ba. Akwai wanda ya san yadda abin yake?

Bakano a Jamus:

Wa alaikumus salam ƙanina. Sau biyu na karanta rubutunka, don kamar labarina ne na shekara shida da suka wuce, sai dai ni gonar gado aka sayar.

Mu fara sallamar mutumin Zoo Road. Kada ka ba shi ko sisi. Asusun nan, Sperrkonto, da sunanka da fasfonka ake buɗe shi, kai da kanka ta intanet, kuma kuɗin da ke ciki naka ne. Bayan ka iso ake sakar maka su wata-wata. Tun Satumban 2024 abin da ake nema daga ɗalibi Yuro 11,904 ne a shekara, wato 992 duk wata. Ba kuɗin ado ba ne da za a ara maka a karɓe bayan an buga biza, su ne hayarka, su ne abincinka, su ne inshorar lafiyarka. Wanda ya ce zai shirya maka, ɗayan biyu ne: ko takardar bogi, wadda in aka gano ta ka rufe wa kanka ƙofa da hannunka, ko kuma ka nemi ofishin ka tarar da kwaɗo. Kuɗin biza Yuro 75 ne, a ƙaramin ofishin jakadancinsu na Legas ake nema. Ka kuma lura akwai bizar koyon harshe zalla, akwai ta shirin shiga jami'a. Ta biyun ce taka, don haka ka tabbata takardar da jami'ar za ta ba ka ta nuna cewa kwas ɗin share fagen karatu ne.

Yanzu maganar Yaya. Ka gaishe min da shi, amma misalinsa bai hau ba. Inyamurin Kwari in bai yi Hausa ba ba zai yi ciniki ba, kuma babu Bakanon da zai juya masa zuwa Ibo don ya sauƙaƙa masa. A nan kuwa, da ka fara in'ina a gaban matashin Bajamushe sai ya juya zuwa Turanci, a ganinsa taimakonka ya yi. Sannan babu wanda ya taɓa zaunar da maƙwabcin naku ya karanta masa lacca a kan makamashi, ya ce ya amsa tambayoyi a rubuce, ya kuma rubuta sharhi a kan jadawalin alƙaluma. DSH ke nan. Akwai saurare, akwai karatu da nahawun rubutun ilimi, akwai insha'i, akwai ta baki. Kashi 57 cikin ɗari DSH-1 ne, mafi yawan kwasa-kwasai ba sa karɓarsa. Kashi 67 ne DSH-2, shi ake nema. Jamusancin sayen burodi daban, wannan daban.

Abin da ba wanda ya gaya min kafin in taho: ajin koyon Jamusanci babu Bajamushe a cikinsa sai malama. Mu goma sha takwas ne, 'yan Siriya, 'yan Indiya, 'yan Sin, wata 'yar Maroko, wani ɗan Kamaru da ni. Awa huɗu muna fama da der, die, das, kalmomin da ke nuna jinsin suna, ana tashi kowa ya nemi nasa. Ni da ɗan Kamaru mu koma Turancin buroka, in na isa ɗaki in kira gida mu yi awa guda muna Hausa, in kwanta ina kallon finafinan Kannywood a waya saboda kewa. Wata uku ina Jamus, amma in ka ƙirga Jamusancin da nake furtawa a wajen aji a rana, bai wuce na gaisuwa da mai kanti ba. Jikina ne ya yi tafiya, kunnena yana Fagge.

Kuma da A2 mai rauni na zo, kamar yadda kake shirin yi. Ga abin da ya jawo min. Sati biyu ina kwana a ɗakin wani ɗan Gana, a ƙasa, ina neman haya, don ba za ka yi rajistar zama a ofishin gari ba sai da takardar mai gida, kuma doka ta ce cikin sati biyu da tarewa. Da ƙyar wata dattijuwa ta amsa min waya, ta ce in zo in ga ɗaki ranar Talata "halb drei". Na san halb rabi ne, drei uku ne, sai na ce uku da rabi. Na yi wanka na sa turare, ƙarfe uku da ashirin ina bakin ƙofa, ina jin na burge da zuwa da wuri. Ta leƙo ta taga ta nuna min agogon hannunta. Ashe su rabin hanyar zuwa ƙarfe uku suke nufi, biyu da rabi ke nan. Ta ba wani ɗakin. Na koma tashar jirgin ƙasa na zauna a benci cikin sanyin Nuwamba, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna gari ya fara duhu, wallahi sai da na yi hawaye.

Inda na koyi harshen a zahiri wuri biyu ne. Na farko gidan haya na haɗaka, wanda suke kira WG, inda na zauna da Jamusawa uku, kicin ɗaya, banɗaki ɗaya, da jadawalin shara manne a jikin firij. Na roƙe su kada su yi min Turanci ko da na yi shiru minti guda ina laluben kalma. A kan rigimar wa ya jefa kwalba a kwandon takarda na fara iya kare kaina da Jamusanci. Na biyu wani wurin gyaran keke na sa-kai da ake buɗewa ranar Asabar, tsofaffin ma'aikatan masana'anta ne ke zama a wurin, ba su iya Turanci ba, kuma ba su da niyyar koya. Ranar farko wani tsoho ya miƙo hannu ya ce in ba shi "Mutter", na tsaya ina mamakin me ya kawo uwa cikin gyaran keke. Ashe noti ma sunansa ke nan. Sunayen sufana da sukundireba da bori duk a hannunsu na ɗauka, hannu duk baƙin mai.

Amma kafin ka iya shiga irin waɗannan wurare sai kana da abin da za ka fara da shi. Mai A2 yana zaune ne kawai ana magana a kansa. Mai B1 yana kama rabi, ya yi tambaya a kan sauran rabin. Shi ya sa nake ce maka ka tsaya. A kwas mai zafi kowane mataki na cin kusan wata biyu, B2 da C1 ma sun fi haka. Wata biyun da za ka yi a nan kana koyon B1, Yuro kusan dubu biyu ne daga kuɗin filin Yaya, ban da kuɗin kwas, a kan abin da za ka iya yi a Gwammaja kana cin tuwon Hajiya kyauta. Ni sai a zama na biyu na ci DSH-2, kuma watannin da suka ƙaru a tsakani bashi na ci.

Ɗan Wapa:

Ni ban san Jamus ba, Yuro na sani. In dai za a yi tafiyar nan, ka ce wa Yaya kada ya sayar da fili ya ajiye naira yana jiran biza. Mun ga waɗanda suka zo da kuɗin shekara guda, kafin takardu su fito ya koma na wata takwas. Ku riƙa canzawa kaɗan-kaɗan. Sannan wani yaron maigidana yana can yana digiri na biyu da Turanci zalla, bai sha wannan wahalar ba. Me ya sa ba za ka bi ta nan ba, in ka je ka riƙa aiki kana biyan kanka?

Bakano a Jamus:

Alhaji, gaskiya ne akwai kwasa-kwasan digiri na biyu da yawa da Turanci, kuma hanya ce mai kyau. Sai dai ka tambayi yaron ranar da ya fara neman aikin horo a kamfani. Ƙananan masana'antu da matsakaita, inda mafi yawan aikin injiniya yake, da Jamusanci ake taron safe. Batun aiki kuma, tun Maris 2024 doka ta ba ɗalibi kwana 140 cikakku ko rabin yini 280 a shekara. Amma wanda ke aji har azahar, ga aikin gida na awa uku, in ya ƙara da ɗaukar kwali a sito cikin dare, jarrabawar ce za ta biya.

'Yar Kabuga:

Sannunku. Yaya Bakano, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, amma ina ganin ka ɗan tsorata yaron nan fiye da kima.

Ni kwas ɗin bazara na yi a jami'ar Heidelberg, sati huɗu a watan Agusta, kuma abin da kunnena ya samu a wannan wata guda ya fi na shekara ɗaya da rabi da na yi ina latsa waya a ɗakina. Matsalar karatu a Kano ita ce ba ka da wanda zai amsa maka. Za ka haddace jadawalin Dativ, wani babi na nahawunsu, tsaf, amma ba ka taɓa jin yadda mai sayar da tikiti ke haɗiye rabin kalma ba. Cibiyar Goethe tana Legas, jami'o'in da ke koyar da Jamusanci sosai su ne irin Ibadan da Ife da Nsukka, duk sun yi mana nisa. Na san mutum biyu da suka ce "bari in kai B1 tukuna", yau ɗaya yana da 'ya'ya uku. Don haka in za ka tsaya, ƙanina, ka tsaya da rana a hannu: ka biya kuɗin jarrabawa, ka san watan da za ka sauka Legas. Ba sai ka jira Oktoban baɗi ba ma, akwai zangon da ke farawa a Afrilu, ka tambaye su ko suna ɗauka a lokacin.

Ga wata dabara da ta yi min amfani. Ana koyar da Hausa a wasu jami'o'in Jamus, irin su Hamburg da Leipzig da Bayreuth, kuma ɗalibansu ma neman wanda za su yi magana da shi suke. Na samu wata ɗaliba muka riƙa musaya, abin da suke kira Tandem: rabin awa Hausa, rabin awa Jamusanci, duk Lahadi ta waya. Ita tana fama da bambancin "ƙ" da "k", ni ina fama da "ü". Kowa ya ga wallen kowa, sai kunya ta fita.

Kuma kada ka raina abin da Hausa ta riga ta ba ka. Mu mun saba da dogon wasali da gajere, don haka bambancin Stadt da Staat, gari da ƙasa, ba zai ba ka wahalar da yake ba wasu ba. Sautin "ch" na Buch kusan "kha" ɗin da ka koya a Islamiyya ne. Harafin z kamar "ts" ɗinmu ne, ka dai sassauta shi. Mun kuma saba da cewa abu mara rai yana da jinsi, har ma an yi dace: rana mace ce a wajensu, wata namiji, kamar mu. Sai dai suna da jinsi na uku, kuma yarinya a cikinsa take, das Mädchen, wannan har yau ban yafe musu ba. Inda Bahaushe ke faɗuwa shi ne p da f. Ka je ka mayar da kwalba a kanti ka karɓi senti 25 ɗinka, sunan abin Pfand, harafi biyun a jere. Sati guda na yi ina atisaye a gaban madubi. Lambobi kuma a juye suke faɗa, ɗaya-da-ashirin maimakon ashirin da ɗaya, sai ka riƙa rubuta lambar waya daga dama.

Abinci ba abin damuwa ba ne sosai, kusan kowane gari akwai kantin Turkawa mai naman halal, ka dai haddace Schwein, wato alade, da Gelatine, sinadarin da sau da yawa daga alade ake samo shi, ka riƙa juya leda kana karantawa. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, ka yi cefane tun Asabar. In kuma daga baya za ka nemi digirin a jihar Baden-Württemberg, inda Heidelberg take, ka sani suna karɓar Yuro 1,500 duk zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba, ka sa wannan a lissafi.

Tsohon Malami:

Yaro, ni ban taɓa hawa jirgi zuwa Turai ba, amma tun ina saurayi nake sauraren sashen Hausa na Muryar Jamus, wanda aka buɗe a 1963. Abin da zan tuna maka shi ne baƙon nan Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim. Da Larabcinsa ya baro gida, Hausa kuma tun a hanyar sahara ya fara ɗaukarta a bakin abokan tafiya, kafin ya ga ganuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, ka zaunar da Yayanka ka gaya masa a fili cewa ana faɗuwa jarrabawar nan, ga wanda ya faɗi sau ɗaya ya faɗa da bakinsa. In ya ji haka ya ce duk da haka zai sayar, to ya yi da saninsa, zumunci ba zai ɓaci ba. Na ga gidajen da irin wannan kuɗi ya raba. Maganar Hajiya kuma kada ka mayar da ita wasa.

Ɗan Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, na bi shawararka. Jiya bayan an rufe kasuwa na karanta wa Yaya duk abin da aka rubuta, tun daga farko. Da na zo wajen "halb drei" ya yi dariya har da riƙe ciki, da na zo wajen benci da hawaye sai ya yi shiru. Bai ce ya sauka daga ra'ayinsa ba, kun san manya. Cewa ya yi dama dillalin bai kawo tayi mai kyau ba, a bar filin zuwa bayan Sallah. Ya kuma ce daga yau ƙarfe huɗu in bar shago in tafi gida in yi karatu, yaron shago zai rufe.

Na rubuta wa jami'ar ina tambaya game da Afrilu, Anti, ina jiran amsa. Mutumin Zoo Road ya kira ni sau uku yau, ban ɗauka ba. Yadda ake samun abokin Tandem ɗin nan, wa ake rubuta wa, sashen ko malamin? Kuma Yaya Bakano, wata 'yar tambaya: rigar sanyi in saya a gwanjon Ƙofar Wambai ko in bari sai na je?

Bakano a Jamus:

Ka sayi guda ɗaya mai kauri a Wambai wadda za ta fitar da kai daga filin jirgi, sauran ka bari sai ka zo, akwai kantunan gwanjo a nan ma. Takalmi ne kada ka yi wasa da shi, ka nemi wanda ruwa ba ya shiga, lamba ɗaya sama da ƙafarka saboda safa biyu. Kuma ka ce wa Hajiya ta daka maka yaji da kuka da kuɓewa busasshiya, amma ban da kilishi, ba a shiga da nama, a filin jirgi za su karɓe.